Batirin Makita a injin DeWalt: abin da ke yiwuwa, abin da ke kashe batir, da wanda ke tada gobara

Tun da dokar Tarayyar Turai ta fara aiki ranar 28 ga Disamba 2024, wadda ta ce duk wayar hannu da za a sayar a ƙasashensu dole ta zo da bakin caja iri ɗaya wato USB-C, masu aikin hannu da dama suka sa rai cewa abin zai gangaro kan injinan aiki masu batir, su dril da injin yankan ƙarfe da zarto da injin kwance noti. Ana cikin haka kuma sai ga labarin wasu kamfanoni sun haɗa kai suna amfani da batir ɗaya, ga 'yan kasuwar intanet sun cika ko'ina da tallan wata 'yar roba da ake kira adafta, wai in ka maƙala ta batirin Makita zai tuƙa injin DeWalt, na DeWalt ya tuƙa na Ryobi, shikenan ka huta da sayen batir. Sai maganar ta cakuɗe, wannan ya ce shekara da shekaru yana haɗawa ba abin da ya same shi, wancan ya ce ko da wasa kar ka gwada, shago zai kama da wuta.

Dokar USB-C dai ba ta shafi injinan aiki ba, waya ce da tablet da kyamara da makamantansu, sai laftof da aka ba wa wa'adi zuwa Afrilun 2026. Ita ma dokar batura da Tarayyar Turan ta fitar a 2023 maganarta a kan rubutun jikin batir ce da tattara tsofaffi a sake sarrafa su da kuma ba mutum damar cire batir ya sauya, ba ta tilasta wa Makita da Bosch su yi baki iri ɗaya ba. Toh har yanzu kowa da nasa. Kuma tambayar da ake yi a dunƙule, wai ana iya haɗawa ko ba a iya, tambaya uku ce aka cusa a ɗaya: sa batirin wani kamfani a injin wani ta hanyar adafta, caja batirin wani a cajar wani, da sayen batirin da wani can daban ya ƙera da kamannin na kamfani. Haɗarinsu ba ɗaya ba ne, kuma wanda mutane suka fi rainawa, wato na caja, shi ne mafi muni.

Abin da ke cikin baƙar robar nan

In ka kwance batirin 18V za ka tarar da wasu ƙwayoyi dogaye masu kama da batirin tocila, yawanci irin da ake kira 18650, faɗinsu milimita 18 tsawonsu 65, sababbin manya kuma 21700. Kamfanonin injin ba su ke yin ƙwayar ba, daga wurin su Samsung da LG da Panasonic da Murata da Molicel ake saye. Kowace ƙwayar litiyam matsakaicin ƙarfinta bolt 3.6 ne, in ta cika fal tana kai 4.2, kuma ba a so ta sauka ƙasa da kamar 2.5. A jera guda 5 a layi sai a samu bolt 18.

Daga nan ruɗanin 18V da 20V ya samo asali. Batirin da DeWalt ke sayarwa a Amurka da sunan 20V MAX shi ne dai take sayarwa a Turai da sunan 18V, ƙwaya 5 ce a duka biyun, wancan ya rubuta ƙarfin batir lokacin da ya sauko daga caji bai fara aiki ba, wannan ya rubuta matsakaici. Haka 10.8V da 12V, ƙwaya 3 ce. Haka 36V da 40V max, ƙwaya 10 a layi. Kenan tsakanin 18 da 20 ba wani bambanci sai na rubutu, amma tsakanin 18 da 40 bambancin gaske ne, batirin 40 zai ƙona injin 18, kuma ba wata roba da za ta sa batirin 18 guda ɗaya ya ɗauki injin 40. Ko a gidan Makita, layin XGT mai 40V ba ya shiga injinan LXT masu 18V.

Shi kuma Ah da ake rubutawa, 2.0Ah ko 5.0Ah, yawan wutar da batir ya ajiye ne. Batirin 5.0Ah galibi ƙwaya 10 ce, layi biyu na biyar biyar, kowace tana da 2500mAh, wato 2.5Ah. In ka ninka bolt da Ah ka samu Wh, wato jimillar makamashin da ke cikin batir, 18 sau 5 ya ba ka 90Wh. Sai abu na uku wanda ba a cika rubuta shi a jiki ba alhali shi ne jigon maganar adafta, wato yawan amfiyar da inji ke zuƙa lokaci guda. Injin da ke aiki da wat 720 a kan bolt 18 amfiya 40 yake ja, lissafi ne kawai, 720 raba 18. Fitila ko rediyo ko ƙaramar fanka ba sa ko kusantar haka, injin yankan ƙarfe da zarto kuwa in sun cije a cikin aiki suna iya kai can har su wuce.

Ƙananan haƙoran da ke tsakiya

Juya batirin DeWalt na 20V ka dubi bakinsa. Akwai B+ da B-, nan ne wuta ke fita. Amma a tsakaninsu akwai wasu ramuka da aka rubuta wa TH da ID da C1 har zuwa C4. TH na sensar zafi ce da aka manna a jikin ƙwayoyin, ID na gaya wa caja wane irin batir ne, su kuma C1 zuwa C4 ta nan ake ganin ƙarfin kowace ƙwaya ita kaɗai. A na Makita za ka ga wani ɗan soket ruwan ɗorawa a tsakiya, ta nan batir da caja ke magana. Waɗannan ƙananan haƙoran ba sa ɗaukar wutar aiki, saƙo suke kaiwa, kuma nan ne gizo ke saƙar.

Batirin litiyam yana bukatar a tsare shi daga abu huɗu: cika fiye da kima, ƙarewa fiye da kima, zafi, da jan wuta da ta fi ƙarfinsa. Kowa ya yarda da wannan. Inda kamfanoni suka rabu shi ne wa zai riƙe birkin. Ryobi ta sa abin yanke wutar a cikin batirin kansa, kuma akwai dalili, layin ONE+ ya fara tun 1996 zamanin baturan NiCd, wato irin na da kafin litiyam, da litiyam ya shigo kamfanin ya ƙi sauya siffar baki, toh tunda tsofaffin injinan ba su da wani fanel na kariya dole batirin ya kare kansa. DeWalt ta bi wata hanyar, batirinta na 20V ba ya yanke wuta da kansa in ya yi ƙasa, injin ne ke tsayawa, caja kuma ita ke kula da ƙwayoyin lokacin caji. A Milwaukee M18 batirin yana sa ido a kan ƙwayoyinsa amma inji yake wa sigina ya tsaya. Makita ma akwai tsarin da take sa wa alamar tauraro a jikin batir da inji, su biyun suna musayar bayani a kan zafi da nauyin aiki da ragowar caji.

Abin ya yi kama da direba da yaron mota. Yaron ne ke ganin baya, shi ke buga jikin mota in an kusa faɗawa rami, amma birki yana ƙafar direba. Adafta ta gama-gari B+ da B- kawai take sadarwa tsakanin batir da inji ta bar sauran, kenan mota na tafiya, yaron yana bugu, direba ba ya ji.

Ɗauki misali guda a bi shi har ƙarshe. Mutum ya sa batirin DeWalt a tsohon injin Ryobi ta adafta. Batirin yana jiran inji ya tsayar da shi, injin kuma an ƙera shi da tunanin batir zai tsayar da kansa, sai ya zama ba mai tsayar da kowa. Injin zai ci gaba da juyawa yana rage gudu har sai ƙwayoyin sun zube ƙasa da inda aka yarda. Kuma ƙwayoyi 5 ɗin nan ba sa ƙarewa tare, akwai raunanniya da ke riga sauran, ana iya auna batir gaba ɗaya a ga kamar da saura alhali ita ta riga ta faɗi. In ƙwaya ta yi ƙasa sosai jan ƙarfen da ke cikinta yakan fara narkewa cikin ruwan batir, ranar da aka sake tura mata caji sai ya daskare a inda bai kamata ba, ya iya haɗe wuta daga ciki. Shi ya sa sau da yawa ɓarnar a wurin aiki ake yinta, amma a kan caja take bayyana. In aka juya misalin, batirin Ryobi a injin wani kamfani, haɗarin ƙarewar ya ragu tunda batirin yana da birkinsa. Kenan amsar ta danganta da wane batir ne a kan wane inji, ba amsa ɗaya ba ce ga kowa.

Me ya sa kowa ya ja nasa

Black & Decker ce ta fito da dril marar waya a 1961, kuma tun daga lokacin ba a taɓa samun wata yarjejeniya a kan siffar batir ba. Da litiyam ya shigo harkar wajen 2005, lokacin da Makita ta fito da LXT, sai Milwaukee ta kawo M18 a 2008, kowane kamfani ya zauna ya tsara bakinsa da fanel ɗinsa da yadda kayansa za su yi magana da juna. Akwai hujjar fasaha a ciki, akwai kuma ta kasuwa wadda ba a ɓoye take ba. Batir da caja su ne masu tsada, injin da ba batir ana sayar da shi da sauƙi, duk wanda ya riga ya tara batura 3 ko 4 na kamfani ɗaya da wuya ya ƙaura.

Abin da ke nuna ƙarfin hujjar kasuwar shi ne ko kamfanonin da ke ƙarƙashin uwa ɗaya ba sa shiga juna. Techtronic ta Hong Kong ita ke da Milwaukee kuma ita ke yin injinan Ryobi na Amurka da Turai, amma baturansu kowa da hanyarsa. Stanley Black & Decker ita ke da DeWalt da Craftsman da Black+Decker da Porter-Cable, duk suna rubuta 20V, ba wanda ke zama a gurbin wani. Bosch ma shuɗayen injinanta na ƙwararru da korayen na gida baturan 18V ɗinsu daban ne. Akwai kuma tarkon suna, Metabo HPT da ake sayarwa a Amurka tsohuwar Hitachi ce, wadda a sauran duniya ake kira HiKOKI, batirinta ba ya shiga injin Metabo ta Jamus.

Haɗakar da ake ji labari kuwa gaskiya ce, kuma ita ce kawai hanyar da ake haɗa kamfanoni daban daban ba tare da an bar komai a baya ba. Metabo ta Jamus ta kafa haɗakar CAS a 2018 tare da su Mafell da Rothenberger da Collomix da Eibenstock. Bosch ta buɗe Power for All a 2020 da Gardena da wasu don korayen injinan gida da na lambu, sannan a 2022 ta kafa AMPShare da Fein da Rothenberger don na ƙwararru. A irin wannan, baki ɗaya ne, saƙon ɗaya ne, caja ɗaya ce, garanti ma yana nan. Sai dai a lura, haɗakar uku ce kuma su ma ba sa shiga juna, sannan manyan da suka fi yawa a hannun mutane, Makita da DeWalt da Milwaukee, ba su cikin ko ɗaya.

Adafta a jikin inji

In ka fasa adafta mai araha abin da za ka gani bai taka kara ya karya ba, roba ce da 'yan ƙarafa huɗu da waya biyu gajeru, wani lokaci da ɗan resista da aka sa don ya yaudari inji ya ɗauka sensar zafi tana nan lafiya. Wato ko batir ya yi zafi kamar me, injin zai ci gaba da ganin komai daidai. Wasu masu ɗan tsada suna da abin yanke wuta in boltej ya yi ƙasa, hakan ya fi, amma jimillar batir suke gani, ba sa ganin ƙwaya ɗaya ɗaya kuma ba sa jin zafi.

Matsala ta biyu ta jiki ce. Duk inda ƙarfe ya taɓa ƙarfe akwai 'yar turjiya, adafta ta ƙara mahaɗa biyu a hanya, kuma zafin da ke tashi a mahaɗa ba ya tafiya daidai da amfiya, in amfiya ta ninka biyu zafin sau 4 yake ninkawa. Shi ya sa adaftar da ta shekara tana aiki a fitila za ta iya narkewa rana ɗaya a injin yankan ƙarfe. Alamun suna zuwa da wuri in mutum ya kula, warin roba, haƙoran sun yi baƙi ko sun saki, inji yana ɗaukewa yana dawowa in an girgiza shi. In haƙorin ya ƙone yakan ɓata na batir da na inji duka. Ga kuma tsawo da ta ƙara, batir ya yi nisa da inda aka tsara masa, in inji ya faɗi ƙugiyar robar ce ke fara karyewa.

Sai abin da ke kashe batura a ɓoye, barin batir a maƙale da adafta bayan an tashi aiki. Masu 'yar fitila ko bakin USB suna tsotsar wuta kaɗan kaɗan ko ba a amfani da su, a bar shi sati biyu uku a akwati a dawo a tarar caja ta ƙi karɓarsa.

Toh duk da haka ba za a ce adafta ba ta da wurin zama ba. A kan kayan da ba sa jan wuta sosai, fitila, fanka, rediyo, abin hura iska, ƙaramin dril na ɗaure sukurori, in boltej ɗaya ne, mutum yana duba fitilun batir yana cire shi tun da saura guda, yana taɓa shi ya ji zafinsa, yana kuma zare shi da zarar ya gama, haɗarin ƙarami ne kuma mafi yawansa asarar batir ce. A kan zarto da injin yankan ƙarfe da babban dril mai fasa kankare, ko injinan Makita masu cin batir biyu lokaci guda, lissafin ya sauya, wutar ta fi ƙarfin abin da aka yi robar dominsa.

Caja: nan ba a sassauci

Cajin litiyam ba tura wuta ba ne kawai. Caja tana fara ba da amfiya daidaitacciya har ƙwayoyi su kai 4.2, sai ta tsaya a nan tana rage amfiyar a hankali har ta yanke. Kuskuren da aka yarda da shi ɗan ƙanƙani ne, ƙwayar da aka dinga turawa sama da haka tana lalacewa daga ciki, tana yin iska, tana iya kaiwa inda zafi ke haifar da zafi har ba mai tsayar da shi, ɗaya ta kama ta kunna ta kusa da ita. Kuma duk wannan lokacin cajar kamfani tana karanta zafin batir, in ya sauko daga aiki da zafi sai ta jira ya huce, in sanyi ya kai na ƙanƙara ta ƙi farawa saboda caji a ƙasa da digiri 0 yana sa litiyam ya taru a inda zai iya huda ƙwayar daga ciki. Manyan cajojin Makita har fanka gare su da ke hura iska ta cikin batir.

In aka sa adafta tsakanin batir da baƙuwar caja, ɗayan biyu ne. Ko cajar ta ƙi aiki saboda ba ta ji amsar da take jira ba, wanda shi ne alheri, ko kuma a yaudare ta ta tura wuta a makance, ba ta ganin zafi, ba ta ganin ƙwayar da ta riga sauran cika. Jimilla tana iya nuna bolt 21 daidai alhali ƙwaya ɗaya ta wuce 4.2 wata ba ta kai ba. Ƙari a kan haka caji shi ne lokacin da ba kowa a wurin, an jona an tafi, ko an kwanta barci. Wanda ke riƙe da inji zai ji zafi a hannunsa ya saki, caja kuwa ba mai jinta.

Kamfanonin ma in sun yi adafta sukan raba aikin. DeWalt tana da DCA1820 da ke sa sabon batirin 20V a tsofaffin injinanta na 18V, amma cajin dole a cajar batirin za a yi. Makita tana da ADP10 da ke ba da damar caja batirin LXT a cajar XGT, wannan ya yiwu ne saboda ita ta tsara ɓangarorin biyu kuma saƙon yana wucewa. Tsohuwar cajar NiCd kuwa wata hanya daban take bi wajen gane batir ya cika, ba ta dace da litiyam ba ko da bakin ya shiga.

Abu biyu da ke kusa da wannan. Na farko dabarar tayar da mataccen batir ta hanyar jona shi da mai rai da waya, tana yawo sosai a bidiyo kuma wani lokaci tana sa caja ta karɓa, amma dalilin da ya sa cajar ta ƙi tun farko yana nan a cikin ƙwayar, an tsallake mai gadi ne kawai. Na biyu wutar bango, cajojin injin aiki da yawa ba kamar na waya ba ne da ke karɓar 100 zuwa 240, wadda aka yi wa kasuwar Amurka galibi 120 kawai take ɗauka, a jona ta a 230 ta lalace nan take. A karanta bayanta kafin a jona, in 120 ce sai da taransifoma mai rage wuta.

Batirin da ba na kamfani ba

Nan ma kashi biyu ne. Akwai wanda wani kamfani ya yi ya sa sunansa a jiki ya ce yana shiga injin Makita ko DeWalt, akwai kuma jabu da aka buga wa tambarin kamfani don a yaudari mai saye. Na farkon ingancinsa hawa hawa ne, wani da ƙwayoyi masu kyau da fanel na kirki, wani kuma ba sensar zafi ta gaske, ƙarafan da suka haɗa ƙwayoyin sirara, ƙwayoyin ma irin na laftof ne da ba a yi su don jan wuta mai yawa ba.

Lissafi yana tona asiri da wuri. Ƙwayar 18650 ta gaske iyakarta wajen 3500mAh, masu jure aikin inji kuma ba sa wuce 3000. Kenan batir mai ƙwaya 10 irin wannan 6.0Ah ne ƙarshensa, duk wanda ya rubuta 9.0Ah ko 12.0Ah a jikin batir mai wannan girman ƙarya yake. Nauyi ma shaida ne, kowace ƙwaya tana da kamar giram 45, goma sun kusa rabin kilo tun ba a sa roba da fanel ba, in ka ɗaga ka ji shi sakayau akwai magana.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Kamfanonin, da ƙungiyarsu ta Amurka mai suna Power Tool Institute, matsayinsu ɗaya ne, batir da caja da inji abu ɗaya ne da aka gwada tare aka ba shi shaidar inganci tare, in ka sa baƙo a tsakani gwajin ya tashi, garanti ma ya tashi. Ta fuskar fasaha wannan magana tana da tushe, ƙananan haƙoran nan sun isa shaida.

Masu amfani da masu rajin 'yancin gyara suna cewa ƙwayoyin ciki daga masana'antu ɗaya suke fitowa, boltej ɗaya ne, kuma CAS da AMPShare sun nuna cewa in an ga dama ana iya haɗuwa, rarrabuwar tana sa mutum ya tara caja uku huɗu da batura da za su zama shara. Wannan ma gaskiya ce. Sai dai hujjar tana nuna cewa kamfanoni za su iya haɗa tsari, ba ta nuna cewa 'yar roba mai waya biyu ta riga ta haɗa shi ba. Shi kuma mai cewa ya daɗe yana yi ba abin da ya faru, yawanci gaskiyarsa ce, gobarar batir ba kullum take faruwa ba, abin da ya fi yawa shi ne batir ya mutu da wuri mutum ya ɗauka tsufa ne.

Yadda abin ke shafar mai sana'a

Ga kafinta ko mai walda ko falamba da zai fara tara kayan aiki, zaɓen batir ya riga zaɓen inji, don wanda ka fara da shi kusan shi za ka zauna a kai. Ya duba ko layin yana da duk injinan da sana'arsa ke bukata da kuma ko ana samun batirin asali a inda yake. Wanda ya riga ya tara kamfanoni biyu uku, mafi sauƙin tsari shi ne kowane batir ya koma cajarsa ba tare da togiya ba, adafta kuma a bar ta ga ƙananan kaya. In akwai inji mai nauyi guda ɗaya na wani kamfani, sayen batir ɗaya da caja nasa ya fi asarar batura biyu da adafta za ta cinye. Mai yara a shago kuma ya sani cewa shi ne ya san a cire batir tun da saura, yaron da aka ba aiki zai matsa ne har inji ya tsaya.

Wajen caji a ɗora caja a kan siminti ko ƙarfe, nesa da garin katako da fetur da fenti, kar a toshe hanyar fita da ita, kar a bar ta a jone a tafi gida. Batir ba ya son rana ko cikin rufaffiyar mota, kuma in za a ajiye shi ya daɗe rabin caji ya fi masa. Kar a jefa shi tsirara a akwati ɗaya da ƙusoshi da sukurori, ƙusa ɗaya ta isa ta haɗe B+ da B-.

Batirin da ya kumbura, ko ya tsage, ko ya sha ruwa, ko yake zafi alhali ba a aiki da shi, ko yake wani wari mai zaƙi zaƙi kamar na sinadari, ya gama aiki, kar a sake kai shi caja. A fitar da shi waje a ajiye a kan ƙasa ko cikin yashi nesa da abin da zai kama, a rufe haƙoran da salatif, a kai shi inda ake karɓar tsofaffin batura, ba a jefa shi a shara ko a wuta. In kuma ya fara huci yana hayaƙi, a zare caja daga bango in ana iya kaiwa ba tare da an matsa kusa ba, a fitar da mutane don hayaƙin guba ne, a kira 'yan kwana-kwana. Ruwa mai yawa yana sanyaya ƙaramin batir irin wannan bayan an yanke wutar bango, amma yana iya sake kamawa bayan an ɗauka ya mutu, saboda haka a bar shi a waje ana dubawa na sa'o'i kafin a taɓa shi.